Kasuwar Jif ta Moorooka, Inda Ake Cinikin Nauyi

A kudancin Birisben, babban birnin jihar Kwinsland ta ƙasar Ostareliya, akwai unguwar da ake kira Moorooka. Titin Ipswich ya bi ta gefenta, kuma a nan filayen sayar da motoci suka jeru, fili na bin fili, har mutanen gari suka yi wa wurin laƙabi da Magic Mile. Ƙananan tutoci na kaɗawa a kan igiya, an rubuta farashi da manyan lambobi a gilashin gaba, an goge tayoyi sun yi baƙi wuluk. Baƙon da ya fito daga Afirka ba zai yi kewar gida sosai ba, don can sama kaɗan, a titin Beaudesert, shagunan 'yan Sudan da Habasha da Eritiriya ne a jere.

Babu irin motar da ba a kasawa a nan, amma sahun gaba, wanda mai wucewa ke fara gani, na jif ne da a-kori-kura masu shan dizal, masu ja da ƙafa huɗu. Su ne idon kasuwa. Kusan babu wadda aka ƙera a ƙasar, jif-jif ɗin daga Japan aka fi kawo su, a-kori-kurar kuma daga Tailan. Masana'antun haɗa ƙananan motoci na ƙarshe a Ostareliya ma sun rufe tun watan Oktoba na 2017.

Manyan masu sayen su dattawa ne. Mutum ya yi ritaya, 'ya'ya sun kama gabansu, sai shi da uwargida su ɗebi kuɗin fansho su sayi ɗaki mai taya, wato tirelar da ke da gado da murhu da firji da banɗaki a ciki, su ɗaura ta a bayan mota su bi duniya. Makiyaya masu furfura ake ce musu a can. Idan sanyi ya kama kudu, daga Yuni zuwa Agusta, sai su yi ayari zuwa arewa mai ɗumi. Masu dogon buri kuwa zagaye ƙasar baki ɗaya suke yi a kan babbar hanya mai lamba 1, tafiyar kilomita kusan 14,500, wadda a filin Nullarbor take miƙewa kilomita 146 babu kwana ko ɗaya. Mai irin wannan tafiya dizal yake so, don injinsa yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, bai kai fetur sha ba idan an yi masa lodi, kuma shi ne man da ba a rasawa a ƙauyukan daji da ke rayuwa kan manyan motoci.

Sarkin fili shi ne LandCruiser, kuma sarautar ta daɗe. A 1958 ɗan kwangila Leslie Thiess ya shigo da kaɗan daga cikinsu don aikin madatsun ruwa na tsaunukan Snowy. A 2019, lokacin da Toyota ta cika miliyan 10 a duniya, sama da miliyan 1 a Ostareliya aka sayar. Wanda ya san darajar da motar take da ita a tashar Agadas ba sai an yi masa dogon bayani ba. Samfurin 200, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2021 da inji mai silinda 8 da lita 4.5, shi ne abin marmarin kowane mai tirela. Da aka rufe iyakoki a 2020 saboda korona, jama'a suka koma yawon cikin gida, ta hannu ta kai ga fin sabuwa tsada. Tsofaffin hannu kuma har gobe suna neman injin 1HZ mai lita 4.2, wanda ba shi da sauri ko kaɗan amma ba ya gajiya, bakaniken ƙauye ma yana iya kwance shi ya ɗaura.

Bayan sarki sai fadawa. Akwai Prado, ƙaramar 'yar'uwarsa. Akwai Nissan Patrol ta da, wadda 'yan kasuwa ke raba ta gida biyu: mai injin TD42 ana rububinta, mai injin ZD30 na shekarun farko kuwa har gurneti ake ce masa saboda labarin fashewar fistin. Akwai Pajero, wadda aka daina ƙerawa a 2021, mai sauƙin kuɗi. Sai Hilux da Ranger da D-Max.

Duk wannan jerin sunaye ne. Ainihin cinikin a kan lamba ɗaya yake, wadda dillali ba ya barin ta yi nisa da bakinsa.

"Maigida, wannan ai tana jan tan uku da rabi."

Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Kilo 3,500 shi ne iyakar nauyin tirela mai birki da kamfani ya yarje wa motar ta ja. Sai dai akwai wasu iyakokin da ba a rubuta su a gilashi. Ɗauki Ranger mai lita 3.2. An ce ta ja 3,500, amma mota da tirela da duk abin da ke cikinsu kada su wuce 6,000 a haɗe. Ita motar ko babu kowa a ciki tana kai wa wajen 2,200. Cire wannan, cire tirelar, abin da ya rage wajen kilo 300 ne. A ciki za a sa maigida da uwargida, da jarkokin ruwa, da akwatin kayan gyara, da ƙarfen gaba da ake ɗaurawa don karon kangaru. Kafin a gama lodi an ƙetare doka.

Shi kansa sarkin bai tsira ba. LandCruiser 200 na ƙarshe-ƙarshe kada nauyinta da kayanta ya wuce 3,350, ita kuwa fanko tana wajen 2,700. Tirela tana danna ƙugiyar baya da kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta, kuma wannan dannawar a kan motar ake lissafa ta. Tirela mai 3,500 ta cinye 350 ke nan tun ba a hau ba. Pajero kuma an ce 3,000, amma da tirela ta haura 2,500 sai abin da aka yarda ya hau ƙugiya ya sauko zuwa 180, wanda ke nufin manyan ɗakuna da yawa ba nata ba ne. Prado ta yi shekaru a kan 2,500 kafin a ɗaga mai canza giya da kanta zuwa 3,000 a ƙarshen 2017. Biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a fili, kala ɗaya, amma kilo 500 ne tsakaninsu.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna da kasuwar. Masu sayen nan ba 'yan ganganci ba ne, mutane ne da suka yi shekara arba'in suna aiki, suka zo da abin da suka tara. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima gabanta yakan yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, birki ya yi nisa, idan babbar mota ta gifta sai tirela ta fara rawa, ta ja motar maimakon motar ta ja ta. Idan aka yi haɗari aka auna aka ga an wuce iyaka, kamfanin inshora yana iya noƙewa. Dillalin da ya faɗi lamba ɗaya ya haɗiye sauran, a ganina bai yi wa dattijon adalci ba, ko da doka ba ta kama shi.

Shi ya sa wata sana'a ta tsiro a gefen wannan: masu yawo da sikeli a bayan mota, suna zuwa har ƙofar gida su auna taya bayan taya. Akwai kuma garejojin da ke canza sifirin da shok, a sami takardar injiniya a ɗaga nauyin da aka yarje wa motar. Doka ta ce tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, wadda ta wuce 2,000 kuma sai da birkin da zai kama da kansa idan ta tsinke, don haka masu ɗaura na'urar birki ma suna samun rabonsu.

Bayan nauyi sai tarihi. A nan kasuwar ta yi kama da kara, inda mai sayen sa ba ya tsayawa kan sheƙin fata sai ya buɗe baki ya duba haƙora. Gwanin saye da tocila yake zuwa, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikin shasi, don kowane yanki na Kwinsland yana barin shaidarsa. Motar da ta saba bin rairayin tsibirin K'gari, wanda a da ake kira Fraser, ruwan gishiri ya wanke ta, tsatsa tana ci daga ciki. Baƙin fenti sabo fil a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Wadda ta je Cape York ta ƙetare rafuffuka, sai a duba ko ruwa ya shiga man giya ya mai da shi fari-fari. Wadda ta fito daga ma'adinan kwal na wajen Moranbah takan ruɗi mutum, kilomita kaɗan a mita, alhali injin ya yi wuni da kwana a kunne, ƙura da ruwan ma'adini sun ci ƙarfenta. Galibi ta gwanjo irin waɗannan ke shigowa. Jar ƙurar daji kuwa ba ta fita, ko an yi wanki goma tana nan a maƙale bayan robar ƙofa. Ga kuma ambaliya: Rocklea, maƙwabciyar Moorooka, ta nutse a 2011 da 2022, don haka mai hankali yakan ɗaga kafet ya sansana.

Ƙugiyar baya ma tana ba da labari. Idan ta goge ta yi ƙyalli, ga soket na wayar tirela ya sha aiki, motar ta riga ta yi shekaru tana ja, sai a nemi shaidar canjin man giya a littafin sabis. A wajen injin dizal na zamani wannan littafin ya fi goge-goge daraja, don nozul da famfon mai da turbo gyaransu na dubban daloli ne. Mai sayen Hilux ko Prado ko Fortuner na tsakanin 2015 da 2020 zai tambayi matatar hayaƙi, domin a 2022 Kotun Tarayya ta yanke cewa wannan matatar tana da aibi a motoci sama da 260,000. Ya nemi takardar da ke nuna an yi gyaran.

Hukuma ta ɗan tsaya wa mai saye. Da dala 2 ana bincika lambar shasi a rajistar PPSR ta intanet, a ga ko akwai bashin banki a kan motar, ko ta sata ce, ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin mutuwa. Wanda ya saya a hannun dillali mai lasisi yana da ranar aiki guda ta sake tunani, da garanti na wata 3 ko kilomita 5,000 idan motar ba ta wuce shekara 10 da kilomita 160,000 ba. Idan ta wuce, wata 1 ko kilomita 1,000. Mai saye hannu da hannu a gidan mai mota ba shi da ko ɗaya. Takardar lafiyar mota da doka ta wajabta kuwa birki da taya da fitila da makamantansu take dubawa, ba ta leƙa cikin inji, shi ya sa masu hattara ke biyan ƙungiyar direbobi ta RACQ ko wani bakanike na daban ya duba.

Mafi yawan masu shigowa Moorooka sun riga sun kamu da son wata mota tun daga gida, tirelar kuma sai daga baya a nemo wadda ta fi girma. Tsarin ya juye. Duk mai niyyar wannan tafiya ya fara sanin ɗakin da zai ja, ya cika tankinsa da ruwa, ya zuba kayansa, ya kai sikeli, ya riƙo takardar awon a hannu, sannan ya shiga titin Ipswich ya nemi motar da lissafinta ya ɗauke shi da rara.