Gaurakin da Suka Bi Jirgin Sama, da Dokar da Ta Tsai da Su

A ƙasar Amurka akwai wani irin gauraka fari fat, bakin fikafikansa baƙi, ga ja a tsakar ka. Tsayinsa ya kai wajen ƙafa 5. Maharba da masu busar da fadamu don noma suka tasam ma ƙare shi, har a 1941 waɗanda suka rage a daji ba su wuce ashirin da 'yan kai ba.

Masana suka shiga ƙyanƙyasar ƙwansa a hannu. To, amma ga wata wahala. Tsuntsun nan kan yi ƙaura kudu in sanyi ya kama, hanya kuwa wajen iyaye 'ya'ya ke koyonta. Wanda aka yi reno a keji wa zai bi?

Wani mutumin Kanada, Bill Lishman, shi ya samo dabara. A 1993 shi da abokinsa Joe Duff suka ja garken dinya da ƙananan jiragen sama tun daga Ontariyo har Bajiniya, daga baya kuma suka kafa ƙungiyar Operation Migration. A 2001 ƙungiyar ta fara jan irin waɗannan gauraki, daga jihar Wiskonsin zuwa Fulorida, tafiyar wajen mil 1,200. Matuƙan jirgi kan lulluɓe da farin kaya har fuska, ba sa magana kusa da tsuntsayen, don kada su saba da ɗan Adam. Tun suna cikin ƙwai ake jiyar da su ƙarar inji. Sau ɗaya ake nuna musu hanya. Da bazara su komo da kansu.

Ana nan, cikin Disamba 2011, tafiya ta tsaya cik a jihar Alabama, da gauraki 9. Dokar hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce irin wannan ƙaramin jirgi na nishaɗi ne, ba a tuƙa shi don lada, matuƙan nan kuwa suna karɓar albashi. Ƙungiyar ta ce albashin na kiwon tsuntsaye ne, tashi kuwa sa kai ne. Mu dai ba mu ga laifin dokar ba. Sa'a 20 ta koyo ta isa a nemi lasin irin wannan jirgi, watau rabin abin da ake bukata ga lasin da ke gaba da shi, saboda haka aka hana mai shi yin haya da rayukan mutane. Sai dai waɗanda suka tsara ta ba su yi zaton wata rana tsuntsaye za su zama 'yan rakiya ba.

Cikin Janairu 2012 hukumar ta yi sassauci, ta ba da izni a ƙarasa wannan tafiya. Ashe bakin alƙalami ya bushe. Ga jinkirin takarda, ga iska ta ƙi daɗi, tsuntsaye suka ƙi bin jirgi kudu. Cikin Fabrairu aka zuba su a akwatuna, mota ta kai su gandun Wheeler a nan Alabama, inda wasu gauraki ke cin sanyi.

Aikin ya ci gaba 'yan shekaru. Abin da ya kashe shi kuwa ba dokar jiragen ba ce. An lura gaurakin sun iya hanya sarai, amma ba su iya reno ba: su yi ƙwai su watsar, ko su ƙyanƙyashe 'ya'yan su salwanta. A 2016 hukumar kula da namun daji ta dakatar da jan su da jirgi, aka koma sakin ƙanana kusa da manyan da ke daji. Ƙungiyar ta rufe a 2018.