Wutar Girki Daga Kashin Shanu

Ya kai mai karatu, in kana zaune a ƙasar Dutse, ka san yadda itacen wuta ya ke ƙara wuya. Mata da yara su kan yi nisa kafin su samo ƙirare, in kuwa an rasa sai a ƙona busasshen kashin shanu, gona ta kwana babu taki. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa, gama akwai dabarar da za ta ba ka wuta, ta kuma bar maka takinka.

Ga asalin abin. A cikin kashin shanu akwai waɗansu ƙwayoyi masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In aka rufe kashin inda iska ba ta shiga, sai su yi ta cinsa, suna fid da wata iska mai kama wuta, watau gas. Wani masani mutumin Italiya, sunansa Volta, ya tara irin wannan iska daga taɓon bakin tabki a 1776. Yau mutanen ƙauyukan Indiya da Sin da yawa da ita su ke girki.

Yadda a ke yi kuwa shi ne, a gina rami da bulo da siminti, a rufe shi ruf. Sa'an nan a dama ɗanyen kashi da ruwa, bokiti guda na wannan, bokiti guda na wancan, a riƙa zubawa kullum. Bayan 'yan makonni gas zai taru a sama, a jawo shi da bututu zuwa murhu. Wutarsa shuɗiya ce, ba ta hayaƙi, balle ta ɓata idon matarka. Abin da ya malalo ta ɗaya ƙofar taki ne mai kyau, ka kai wa gero da dawa.

Ƙwayoyin nan zafi su ke so, saboda haka da hunturu gas ya kan ragu. Kada wannan ya karya maka zuciya.

Amma ka kiyaye abu biyu. Kada ka kusanci ramin da wuta ko taba. Kada kuma kowa ya shiga cikinsa, ko da an kwashe, domin iskar ciki tana kisa.

To, in shanunka kaɗan ne, ko ruwa na yi maka wuya, ka shawarci maƙwabtanka ku haɗa kai, ku nemi maginin da ya san aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.