Ɓarakar da ta shekara goma a katangar tsaron Linux

Yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da babbar manhajar Linux suke aiki. A cikinta akwai katangar tsaro mai suna netfilter, wadda aikinta irin na maigadi ne: duk ƙunshin bayanan da ya zo sai ta duba shi ta yanke hukunci, ko a bar shi ya wuce, ko a yar da shi.

Tun 2014 wani kuskure ya shiga sashenta da ake kira nf_tables, ba a toshe shi ba sai Janairun 2024, aka sa masa lamba CVE-2024-1086. Mai mugun nufi na iya rubuta ƙa'idar da za ta sa a yanke wa ƙunshi ɗaya hukunci biyu. Da fari a yar da shi, a saki gurbinsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sai kuma amsar da ta dawo ta yi kama da ta izinin wucewa, a ci gaba da aiki da abin da aka riga aka zubar, a ƙarshe a sake sakin gurbin nan. Da wannan ruɗani maharin ke cusa bayanansa inda bai kamata hannunsa ya kai ba. Ita kuwa katangar a can cikin zuciyar Linux take zaune, don haka wanda ya rinjaye ta ya mallaki kwamfutar baki ɗaya.

Gaskiya ne sai mutum ya riga ya samu ƙaramin asusu a kwamfutar kafin ya iya wannan ta'adi. Amma wannan ba abin kwantar da hankali ba ne, domin kalmar sirri ɗaya da aka sace ta isa.

A Maris 2024 wani mai bincike da ake kira Notselwyn ya wallafa hanyar kai harin, wadda ta yi aiki a kan nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu. Ranar 30 ga Mayu hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sa ɓarakar a jerin waɗanda ake kai hari da su, ta ba ma'aikatun tarayya wa'adin 20 ga Yuni su sabunta kwamfutocinsu.

Abin takaici, gyara na nan kyauta, amma masu kula da kwamfutoci da yawa ba sa son kashe su ko na ɗan lokaci don a ɗora shi. A Oktoban 2025 CISA ta tabbatar cewa masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa na shiga ta wannan kafa, wata ashirin da ɗaya bayan fitar gyaran.