Nono Da Kindirmo: Ƙwayoyin Halittar Da Ke Tsare Su Daga Ɓaci

Kowace safiya matan Fulani sukan shigo garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ta hanyoyin Doma da Akwanga da Makurɗi da Shandam, ɗauke da ƙore cike da nono. Zafin wannan gari sananne ne, musamman a watan Maris. Madarar da aka tatsa da asuba, in aka bar ta haka nan, kafin la'asar ta lalace. Amma kindirmo yakan wuni, har ya kwana, bai ɓaci ba. Dalilin wannan bambanci, da kuma iyakarsa, abu ne da ya kamata mai sayarwa da mai saye duka su sani.

Masu aikin da ido ba ya gani

Abin da ke juya madara ta zama nono wasu ƙananan halittu ne da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ba dukkan bakteriya ne ke kawo cuta ba. Waɗanda ke cikin nono, irin su Lactobacillus da Lactococcus, sukarin madara suke ci, su mai da shi tsami. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki. A 1907 kuma wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, ya kawo ra'ayin cewa shan nono mai tsami yana gyara hanji, bisa abin da ya lura da shi game da manoman Bulgeriya. Ashe ke nan, in mace ta zuba ɗan ragowar nonon jiya a cikin sabuwar madara ta rufe da faifai, iri ta shuka, kamar yadda manomi ke shuka dawa.

Makaman da suke yaƙi da su

Na farko shi ne tsamin kansa. Masana suna da ma'aunin tsami wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa. Sabuwar madara tana wajen 6.6, nonon da ya yi kuwa yakan sauko zuwa wajen 4.5 ko ƙasa. A wannan matsayi yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ko kawo gudawa ba sa iya hayayyafa.

Na biyu, wasunsu suna fitar da haidirojin feroksaid, wato irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, amma ɗan kaɗan ƙwarai. Akwai kuma wani sinadari, dayasetil, wanda shi ke ba man shanu ƙanshinsa, yana kuma takura wa wasu ƙwayoyi.

Na uku su ne bakteriyosin, wasu ƙananan furotin da bakteriya ke ƙerawa don kashe abokan takararsu. Mafi shahara a cikinsu shi ne nisin, wanda Lactococcus lactis ke yi. An fara lura da aikinsa a Amurka a 1928, shekarar da aka gano fenisilin a Ingila. A 1969 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shi don adana abinci, har yau kuwa ana sa shi a cuku da abincin gwangwani. Yadda yake aiki shi ne ya huda fatar ƙwayar cuta, abin da ke cikinta ya tsiyaye, ta mutu.

Inda ƙarfinsu ya tsaya

Kada wani ya ɗauka cewa tsami yana wanke kowace cuta. Nisin yana cin ƙwayoyi irin su Listeria da Staphylococcus, amma ba shi da tasiri sosai a kan dangin ƙwayar taifot. Haka nan ƙwayar tarin fuka na shanu da ta bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari ta kuma sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, suna iya rayuwa kwanaki a cikin nono mai tsami. Dafa madara ne ke kawar da su. A masana'anta ana dafa ta a digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A ruga kuwa a bar ta ta tafasa sosai, ta huce har ta yi ɗumi, sa'an nan a zuba iri.

Haɗari na biyu shi ne ruwa. Wanda ya tsinka nono da ruwan rafi ko na rijiyar da ba ta da murfi ya rage tsamin da ke tsare shi, ya kuma zuba masa ƙwayoyin amai da gudawa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kashe 137,000.

Na uku shi ne maganin dabbobi. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin yakan fito a madararta na 'yan kwanaki. Irin wannan madara takan ƙi yin kindirmo, domin maganin ya kashe irin, kuma shanta yana koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Sai makiyayi ya tambayi malamin dabbobi yawan kwanakin da zai jira kafin ya sayar.

Abin da ake roƙon jama'a

Mai tatsa ta wanke hannu da hantsar saniya, ta tafasa madara, ta wanke ƙwarya da ludayi da maburgi da ruwan zafi, ta kife su a rana. A ɗebi iri daga nono mai kyau, a rufe shi daga ƙuda. Mai dama fura ya yi amfani da ruwa mai tsabta, haka ma ƙanƙarar da zai jefa ciki. Nonon da ya yi wari, ko yauƙi, ko ya canja launi, a zubar. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai za a ba shi. Yaron da gudawa ta kama kuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a hanzarta kai shi asibiti, domin nono abinci ne, ba ya zama madadin magani.