Manyan Karnuka: Aiki Ne Ya Ba Su Girma

Idan ka ga hoton kare mai girman ɗan maraƙi, kana iya zaton don ado ko don tsoratar da mutane aka samar da shi. Ba haka ba ne. Kusan kowane babban kare yana da aikin da ya sa mutanen wani yanki suka riƙa zaɓen ƙarfafa suna haɗa su, shekara da shekaru, har irin ya tabbata.

Mu fara da Saint Bernard. A kan tsaunukan Alps, tsakanin Siwizalan da Italiya, akwai wata mashiga mai tsayin kusan mita 2,470 inda wasu malaman Kirista suka gina masaukin matafiya. Karnukansu ne suka riƙa bin sawun waɗanda dusar ƙanƙara ta binne ko suka ɓata. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Barry, da ya rayu daga 1800 zuwa 1814, kuma ana cewa ya ceci mutum sama da 40.

A tsibirin Newfoundland na Kanada kuwa, masunta ne suka yi kiwon kare mai wannan sunan. Yana da fata tsakanin yatsunsa kamar agwagwa, ga gashi mai kauri da ke kare shi daga sanyin teku. Shi ya sa ya iya iyo, yana jan taru, yana tsamo wanda ya faɗa ruwa.

A Jamus, mahautan garin Rottweil sun yi amfani da Rottweiler wajen kora shanu da jan amalanken nama. A can ne kuma aka yi kiwon Great Dane don farautar aladen daji.

Makiyayan lardin Sivas a Turkiyya suna da Kangal, mai kwana cikin garken tumaki yana korar kyarkeci. Tun 1994 ake ba makiyayan Namibiya irin waɗannan karnukan Turkiyya domin su tsare awaki daga namun daji, ba sai an harbe namun ba.

Mu ma a Sahel muna da namu. Karen Azawak na Buzaye, a Nijar da Mali, dogo ne siriri mai gajeren gashi. Yana gadin zango, yana farautar zomo da barewa, kuma jikinsa ya saba da zafi.

Me za mu koya? Wasu kan sayi babban karen ƙasar waje don ƙawa, su ɗaure shi da sarƙa a rana. Karen da aka yi don dusar ƙanƙara yana shan wuya a zafin bazara, kuma karen aiki da aka hana motsa jiki yakan zama mafaɗaci, har ya ciji yara. Ga cin abinci da yawa, ga gajeren rai, domin da yawansu ba sa wuce shekara 8 zuwa 10.

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafin a kawo kare gida, a tambayi aikinsa da yanayin ƙasarsu, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare.