Tsohuwar Mota Da Sabon Inji: Aikin Da Ke Gaban Masu Waya A Kazaure Da Kewayenta

A kan hanyoyin da suka haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa, da kuma wadda ta nufi Babura a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, har yanzu tsofaffin motoci suna cikin masu ɗaukar nauyin jama'a da kayansu. Akori-kura ta Fijo ita ce ke kai gero da gyaɗa da riɗi kasuwa, J5 da Golf suna jigilar fasinja zuwa Kano da Daura, ga kuma 504 da wasu ma'aikata suka gada daga iyayensu. Jikin waɗannan motoci yana da sauran ƙarfi, amma injinansu sun gaji, irinsu kuwa sai ƙara wuyar samu suke yi a kasuwa. Domin haka masu motoci da dama suka koma sayen injin zamani su ɗora wa tsohon jiki. A nan ne fa matsala ke tasowa, gama injin zamani ba ya tashi sai da wata 'yar na'ura mai sarrafa shi, wadda makanikai ke kira birenbos, watau ƙwaƙwalwar inji, ita kuwa ba ta aiki sai an sake shimfiɗa wa motar wayoyi bisa ƙa'ida.

ASALIN MATSALAR

Fijo 504 ta fito a Faransa a cikin 1968. A cikin 1975 kamfanin Fijo na Nijeriya da ke Kaduna ya fara harhaɗa ta a gida, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, bashin mota kuma yana samuwa ga wanda ya kai matsayi. Motar ta dace da ƙasar, domin injinta na kafireto ne, wutarsa kuma dilko da kwantak ne ke raba ta, duk bakaniken da ke da sifana da sukudireba yana iya tayar da ita a bakin hanya.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda jama'a ke kira Beljiyam. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006, shekaru fiye da ashirin bayan Faransa ta daina yin ƙaramar motar. Amma a ƙasashen da ake kawo tsofaffin injina daga cikinsu, kafireto ya ƙare tun farkon shekarun 1990, saboda dokokin hana gurɓata iska. Watau duk wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, neman inji mai sauran lafiya, abin da zai fi tararwa shi ne injin injakta mai ƙwaƙwalwa.

Tsadar mai ta ƙara wa al'amarin nauyi. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a cikin 2024, dala kuma ta wuce naira 1,500 a cikin shekarar ta 2024. Malamin makaranta a Roni ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gwiwa ba shi da halin sauya mota, ba kuma zai jure wa injin da ke shan mai kamar rairayi ba. Sauya inji shi ne hanyar da ta rage masa.

ABIN DA ƘWAƘWALWA KE YI

Injin fetur yana bukatar iska da mai bisa awo, kimanin giram 14.7 na iska ga giram 1 na fetur. Kafireto yana yin wannan awo ne da zuƙar iska kawai, shi ya sa yakan yi kuskure idan inji ya yi sanyi, ko ya ɗauki kaya, ko ƙurar hunturu ta toshe shi. Ƙwaƙwalwa kuwa lissafi take yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Tana karɓar labari daga wasu ƙananan ma'auna da ake kira sansa: ɗaya yana gaya mata saurin juyawar karanshaf da inda fistin yake, ɗaya yana auna iskar da ke shiga, wani zafin ruwan lagireto, wani yadda direba ya taka totur, wani kuma da ke jikin salansa yana auna iskar oksijin da ta saura cikin hayaƙi. Da wannan labari take yanke tsawon lokacin da kowace injakta za ta buɗe, da lokacin da kwayil zai aika wuta ga fulogi.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa injakta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen 1600 a cikin 1967, a cikin 1979 kuma ya fito da tsarin Motronic wanda ya haɗa sarrafa mai da wuta a akwati guda. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa kowace mota soket mai baki 16 da ake jona na'urar bincike a kai, Turai ta bi sahu ga motocin fetur a cikin 2001.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tsohuwar mota tana aiki da wutar batir mai bolt 12, kuma tana da haƙuri da waya maras kyau. Yawancin sansa kuwa da bolt 5 suke aiki, saƙon da suke aikawa kuma wani lokaci bai kai bolt 1 ba. Tsatsa kaɗan a mahaɗar waya ta isa ta sauya saƙon, ƙwaƙwalwa ta yi lissafi a kan ƙarya.

MATAKAN AIKIN

Aikin yana farawa tun a kasuwa. Mai saye ya nemi inji tare da ƙwaƙwalwarsa, da damin wayoyinsa cikakke wanda ba a datse ba, da dukkan sansa, da akwatin fis, da makullin motar da aka ciro shi. Sau da yawa masu kwance motoci a Turai sukan datse damin wayoyin da almakashi don sauri, wanda ya sayi irin wannan kuwa ya sayi rabin inji. Lambar da ke jikin ƙwaƙwalwa kuma dole ta dace da irin injin, domin akwatuna biyu suna iya kama da juna a ido alhali lissafin cikinsu daban ne.

Mataki na biyu shi ne zanen wayoyi na masana'anta, wanda ke nuna aikin kowane baki a soket ɗin ƙwaƙwalwa. Soket guda yana iya ɗaukar baki hamsin ko fiye, kuma launin waya kaɗai ba ya isa shaida, tun da kowane kamfani da nasa tsarin launi. Mai waya zai bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, ya liƙa wa kowace suna kafin ya yanke komi.

Daga nan sai wuta. Ƙwaƙwalwa tana son wuta iri biyu: wadda ba ta yankewa daga batir, da wadda ke zuwa idan an murɗa makulli. Ta biyun dole ta tsaya daram har lokacin da kik ke juya inji, domin a wasu tsofaffin makullai wutar wasu layuka takan ɗauke a daidai wannan lokaci. Kowane layi da fis ɗinsa daidai ƙarfinsa, manyan layuka kuma ta rile za su bi. Wayar da ke komar da wuta jikin ƙarfe, wadda masu waya ke kira at, sai an kankare fenti da tsatsa kafin a ɗaure ta, a kuma haɗa inji da shasi da batir da waya mai kauri.

Sai batun mai, inda haɗari ya fi yawa. Famfon kafireto yana tura mai da ƙarfin da bai kai rabin ba ɗaya ba, injakta kuwa tana bukatar kimanin ba 3, watau kusan ninki goma. Tsohuwar robar mai da aka ɗaure da waya ba za ta riƙe wannan ba, sai an sa bututu da maɗauri na injakta, da tacen mai na ƙarfe, da layin da ke mai da rarar mai tanki idan injin yana bukata. Famfon kuma ta hannun ƙwaƙwalwa zai sami wuta, domin ita takan kashe shi da zarar inji ya tsaya. Famfon da aka jona kai tsaye da makulli zai ci gaba da feso fetur ko da mota ta kife da fasinja a ciki.

Akwai sauran ƙananan ayyuka da ba a raina su. Za a huda salansa a dasa sansan hayaƙi, a sa altaneta mai ƙarfin ɗaukar sabon nauyi, a haɗa fankar lagireto da agogon zafi da fitilar gargaɗi, a kuma bar soket ɗin bincike a inda hannu zai kai. Ita kanta ƙwaƙwalwar a cikin mota ake ajiye ta, sama da ƙasa, nesa da zafin inji da ruwan damina.

MAKULLI MAI SIRRI

Babban abin da ke dakatar da aiki shi ne na'urar hana sata. Tun daga 1998 Jamus da Ingila suka wajabta ta ga sababbin motoci. A cikin kan makulli akwai wani ɗan ƙwaya mai lamba, ƙwaƙwalwa kuma ba za ta saki mai ba sai ta ji lambar da ta sani. Wanda ya sayo inji ba tare da makullinsa da zoben da ke karanta shi ba, zai ga kik yana juyawa amma inji ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take. Bugu da ƙari, injinan da suka fi sabunta suna zance da agogon gaban mota da birki da giya ta wasu tagwayen wayoyi murɗaɗɗu, tsarin da ake kira CAN wanda Bosch ya bayyana a cikin 1986. Idan ƙwaƙwalwa ba ta ji abokan zancenta ba takan rage ƙarfin inji. Sabili da haka injin tsakiyar shekarun 1990 ya fi sauƙin ɗorawa a tsohuwar mota bisa ga na bayan 2005.

KURAKURAN DA KE CIN DUKIYA

Wasu ɗabi'u da aka saba da su a zamanin kafireto su ne ke kashe injin zamani. Gwada waya da kwan fitila, ko karta ta a jikin ƙarfe don a ga tartsatsi, yana iya ƙona ƙwaƙwalwa cikin ƙiftawar ido. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif yana riƙewa wata ɗaya ko biyu, sa'an nan girgizar hanyar burji ta kwance shi. Maye gurbin fis da zaren waya shi ne asalin gobarar motoci da yawa. Yin walda a jikin mota alhali ƙwaƙwalwa da batir suna jone shi ma ɓarna ne.

Akwai kuma cire tamostat da jona fanka kai tsaye, bisa zaton cewa zafin ƙasarmu ya sa ba a bukatarsa. Sakamakon shi ne inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, ƙwaƙwalwa tana ɗaukar cewa har yanzu da sanyi, sai ta riƙa ƙara mai. Mai mota ya biya kuɗin sabon inji don ya rage shan mai, ga shi ya koma gidan jiya. Idan abin ya gagara, sai a ba shi shawarar a cire injakta a ɗora kafireto da dilko, abin da aka yi wa motocin Beljiyam masu yawa a ƙasar nan. Motar za ta tashi, amma amfanin da aka saye ya tafi.

Ta fuskar doka, lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji ya riƙe rasit ɗin saye, ya kuma kai takardunsa ofishin lasin a gyara, don kada ya shiga tuhuma a hannun 'yan sanda ko jami'an duba lafiyar motoci. A yankin da ke bakin iyaka kamar Babura wannan ba abin wasa ba ne. Shi ma mai waya ya nemi ganin takardu kafin ya taɓa na'urar hana sata.

INA MAFITA?

Kazaure tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Kano. Duk motar da ƙwaƙwalwarta ta rikice a Gwiwa ko Roni, idan babu mai na'urar bincike a kusa, sai an ja ta zuwa birni, kuɗin ja da kwanakin da aka rasa kuwa a kan fasinja da manomi suke ƙarewa. Alhali garin Kazaure yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da ilmin kwamfuta ta Jihar Jigawa. Ɗalibin da ya karanta lantarki ya san dokar Ohm, ya iya karanta zane, amma watakila bai taɓa kwance dilko ba. Mai wayan gareji ya san ciwon mota da kunne, amma zanen da aka rubuta da Turanci ko Jamusanci yana yi masa wuya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kamata kwalejin, da reshen ƙungiyar makanikai ta NATA, da ƙananan hukumomin nan huɗu su shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa a kan amfani da mita, karanta zane, liƙa waya da dalma, da aiki da na'urar bincike. Hukumar NADDC mai kula da masana'antar motoci, da asusun ITF da aka kafa a cikin 1971 don horar da ma'aikata, suna da hurumin tallafa wa irin wannan shiri. Ɗaliban da ke fita koyon aiki a masana'antu kuma a tura wasunsu garejojin garinsu.

Kafin wannan ya tabbata, mai motar da ke shirin sauya inji ya yi wa mai waya tambayoyi uku: yana da zanen wayoyin wannan injin, yana da mita da na'urar bincike, kuma ta ina famfon mai zai sami wuta? Idan amsoshin ba su gamsar ba, gara motar ta ƙara mako guda a gida.