Satar Fasaha a Ma'aunin Shari'a: Darasi Daga Rikicin Apple da Samsung

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A tsangayoyin Maruta da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, allon katako ne har gobe abokin almajiri. Ba mu san wanda ya fara sassaƙa shi a wannan siffa ba, kuma ba mu taɓa jin masassaƙi ya kai ɗan'uwansa ƙara saboda allunansu sun yi kama da juna ba. Amma yanzu wani allon ya shigo gidajenmu, wato kwamfutar hannu mai faffaɗan gilashi, wadda 'ya'yanmu ke karanta Alƙur'ani da darussan boko a kanta. A kan siffar wannan sabon allo manyan kamfanoni biyu suka shafe shekara bakwai suna shari'a. Ya kamata mu san abin da ya faru, domin tambayar da ke ƙarƙashinsa ta shafi kasuwancinmu da addininmu: shin basirar mutum dukiya ce da Shari'a ta kare, ko kuwa kayan kowa ce?

Yadda rikicin ya gudana

Kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad a shekarar 2010, kuma a cikin shekarar Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da Galaxy Tab. A watan Afrilun 2011 Apple ya shigar da ƙara a wata kotun tarayya da ke Kalifoniya, yana zargin Samsung da kwaikwayon siffar wayoyinsa da kwamfutocinsa na hannu, da wasu dabarun sarrafa su. Samsung ya rama da nasa ƙararrakin, har shari'ar ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

A watan Agustan 2011 wata kotu a birnin Dusseldorf na Jamus ta dakatar da sayar da Galaxy Tab 10.1, abin da ya sa Samsung ya sauya wa na'urar fuska ya fito da 10.1N. A Ingila kuwa akasin haka aka samu. A watan Yulin 2012 Mai Shari'a Colin Birss ya yanke hukuncin cewa na'urorin Samsung ba su keta zanen da Apple ya yi wa rajista ba, har aka umarci Apple ya buga sanarwar hakan a shafinsa na intanet da jaridu.

A Amurka, a watan Agustan 2012, masu taya alƙali yanke hukunci sun ɗora wa Samsung diyyar sama da dala biliyan 1, akasari saboda wayoyi, amma ba su same shi da laifin kwaikwayon siffar iPad ba. Daga baya aka rage kuɗin, aka yi ta ɗaukaka ƙara har gaban Kotun Ƙolin Amurka. A watan Disambar 2016 kotun ta ce ba lallai ne a lissafa diyya a kan ribar na'ura gaba ɗaya ba, ana iya lissafa ta a kan ɓangaren da aka kwaikwaya kawai. A watan Mayun 2018 aka tsayar da diyyar a kan dala miliyan 539, sannan a watan Yuni suka yi sulhu.

Wani abin lura shi ne hujjar Samsung cewa allo mai kusurwa huɗu da gilashi a fuska ba Apple ya fara tunaninsa ba. Ke nan gardamar ta koma kan iyaka tsakanin abin da mutum ya ƙirƙira da abin da ya tarar a hannun jama'a.

Abin da malamai suka ce

Magabata ba su san rajistar ƙirƙira a siffarta ta yau ba, amma sun tattauna tushenta. Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa suna ɗaukar amfanin abu a matsayin dukiya, ko da hannu ba ya taɓa shi, yayin da magabatan Hanafawa suka taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana. Wannan saɓani ya biyo mu zuwa wannan zamani. Mufti Muhammad Shafi na Pakistan bai yarda da sayar da haƙƙin wallafa ba, amma ɗansa, Mufti Taqi Usmani, ya karkata ga halascinsa bisa la'akari da al'adar zamani.

Masu hanawa suna tsoron kada wannan haƙƙi ya zama ƙofar ɓoye ilimi, abin da hadisi ya yi wa gargaɗi mai tsanani. Masu halastawa kuwa suna cewa hana wani cin riba da guminka daban, ɓoye ilimi daban, domin mai rajistar ƙirƙira sai ya bayyana yadda abin yake aiki kafin a ba shi kariya, kuma kariyar tana da wa'adi.

A watan Disambar 1988, wato shekarar 1409 bayan Hijira, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zamanta na biyar a Kuwait, inda ta fitar da matsaya mai lamba 43. Ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci, da tambari, da wallafa, da ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi, ana iya sayar da su, kuma bai halasta a keta su ba. Wannan ya dace da aya ta 29 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna.

Dokar Najeriya ma ta tafi a kan haka. Dokar rajistar ƙirƙira da zane ta 1970 tana kare ƙirƙira na shekara 20, zane kuma na shekara 5 da ake iya sabuntawa sau biyu. Bayan wa'adin, abin ya zama na kowa.

Inda abin ya shafe mu

Kada mu ɗauka wannan rigimar manyan ƙetare ce kawai. Duk wanda ya san Kantin Kwari a Kano ya san yadda ake ɗaukar zanen atamfa a kai wata ƙasa, a buga shi a kan yadi mai rauni, a dawo da shi da araha, wani lokaci har da tambarin masu asalin. Wannan na cikin abubuwan da suka taru, tare da matsalar wutar lantarki da fasa-ƙwauri, suka durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, dubban magidanta suka rasa abin yi. Haka nan a kasuwannin waya irin su Farm Centre, na asali da jabu sukan zauna kafaɗa da kafaɗa, kuma daga can kaya ke gangarowa zuwa shagunan garuruwanmu.

Idan muka auna da ƙa'idojin da suka gabata, za mu ga kwaikwayo hawa uku ne.

Na farko, a sanya sunan wani ko tambarinsa a kan kayan da ba nasa ba. Wannan algus ne tsantsa, ba ya buƙatar dogon bincike. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa an rufe shi da busasshe, sai ya barranta daga mai ha'inci. Na'urar jabu mai ɗauke da sunan asali zalunci biyu ce: an cuci mai suna, an cuci mai saye. Mahaifin da ya sayar da buhun gero ko riɗi domin ya saya wa 'yarsa na'urar karatu, ta mutu bayan wata biyu, yana da haƙƙin mayar da ita, domin fiƙihu ya ba mai saye zaɓi idan aka ɓoye masa aibi.

Na biyu, a ɗauki ƙirƙirar da wani ya kashe dukiya da shekaru a kanta, tana cikin wa'adin kariya, a riƙa kasuwanci da ita ba da izininsa ba. Wannan shi ne abin da matsayar Kuwait ta hana. Kuma babu bambanci ko mai haƙƙin Musulmi ne ko ba Musulmi ba, domin aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci.

Na uku, siffar da buƙata ta haifar kuma kowa ya gada, kamar allonmu na katako, ko faɗin gilashin da dole mai karatu ya samu. Wannan ba mallakar kowa ba ne, kuma mai son ya kulle shi shi kaɗai ya kusanci ɓoye kaya da Shari'a ta ƙi. Saboda haka na'ura mai araha da ta zo da sunanta na gaskiya, ba ta yaudari kowa ba, ba mu ga laifin sayenta ko sayar da ita ba.

Nasiha ga ɗalibai da 'yan kasuwa

Ga ɗan kasuwa, magana ɗaya ce: ka faɗa wa mai saye abin da kake sayar masa. Idan ba na asali ba ne, ka ce ba na asali ba ne, domin hadisi ya nuna albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyana aibi, ƙarya da ɓoyewa kuma suna shafe ta.

Ga ɗalibai kuwa, jarrabawar tana cikin na'urar kanta. Littafin da malami ya wallafa da kuɗinsa, a ɗauki hotonsa a watsa a WhatsApp ba da izininsa ba, ko a kwashe binciken wani a sa sunan kai, duk reshe ɗaya ne da abin da muke zargin kamfanoni da shi. Abin da mai shi ya yi waƙafinsa, kamar manhajojin Alƙur'ani da yawa, mu yaɗa shi da fatan lada. Abin da bai sake ba, mu nemi izini ko mu saya. Al'ummar da ta kiyaye isnadi, ta jingina kowace magana ga mai ita, ita ce ta fi cancantar ta girmama gumin mai basira.

Allah Ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyar da iyalanmu. Allah ne Mafi sani.